Shafe Na Uku Na Mai Ɗaki Ne

Har yau in na ji ana gardamar sau nawa ya kamata a shafa wa bango fenti, sai in gyara zama in ja bakina in yi shiru. Ba don ban san komai ba. Na taɓa zama gwani a wannan fanni har na tsawon kwana huɗu, kuma ban ji da daɗi ba. Masu sayarwa su ce sau ɗaya ya isa, masu shafawa su ce biyu, wanda aka yi wa aiki ya ce a ƙara. A gidanmu na Katagum kuwa babu wannan gardama. Uku ne, kuma Inna ce ta yanke.

Inna ita ce mahaifiyata. Ni ne ɗanta na fari, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro “kai” nake. Da na girma aka ba ni koyarwa a makarantar elemantare a Azare, sai na samu ƙarin girma na zama “Malam”, amma in ta faɗa, ko kurma ya san ba yabo ba ne.

Duk shekara in bazara ta kama, kafin ruwa ya sauko, sai Inna ta fitar da kayan ɗakinta kakaf zuwa tsakar gida: gadon kara, tukwane, jeren ƙore da tasoshi. Ta jiƙa farar ƙasa a babbar ƙwarya ta kwana, ta tace, ta ɗan zuba ruwan ƙaro don kada bango ya riƙa bin rigar mutane. Sannan ta naɗe tsumma a hannu, ta yi bismilla, ta fara daga dama. Shafe na farko ruwa-ruwa ne, bango ya shanye kamar ba a yi ba. In ya bushe ƙayau, a yi na biyu mai ɗan kauri. Na uku sai an ƙara kwana, da ɗigon shuni a ciki, kuma shi ba a kama wa mutum. Matan unguwa sukan taya juna na farko da na biyu, ana hira ana tsiya, amma in aka zo na uku kowace ɗakinta take komawa.

“Na fari na bango ne,” in ji Inna. “Ƙishirwa yake ji, a ba shi ya sha. Na biyu na baƙo ne, ya shigo ya ce madalla ya yi gaba. Na uku na mai ɗaki ne, wanda zai kwana ya tashi yana kallon abinsa.”

Don haka a unguwarmu, in an gyara wa baƙo ɗaki, sau biyu ake shafewa. Mace kuwa in ta yi wa ɗaki na uku da hannunta, ba sai an tambaye ta ba, ta zauna ke nan.

Mahaifina maɗinkin huluna ne. Bayan azahar yakan gudo daga zafin zaure ya shiga ɗakin Inna, ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofa inda haske ke faɗowa, ya tuɓe hula, ya jingina kai da bango yana ɗinki. Mutum ne mai son shafa man shanu a kai bayan aski. Kafin shekara ta zagayo sai ka ga maiƙo ya yi tambari a wurin, faɗinsa kamar tafin hannu biyu. Duk bazara Inna sai ta sa sakaina ta kankare shi tas kafin ta yi shafe, tana mita.

“Mutum da zaurensa, sai ya zo ya ɓata wa wani ɗaki.”

Shi kuwa sai ya ce, ba tare da ya ɗaga kai daga allura ba, “To ai shaida nake bari, kada a ce ban zo ba.”

Shekarar da ya rasu, na je gida da bazara na tarar an yi shafe, ɗaki fari fat. Amma ba a kankare wurin ba, ba a kuma bi ta kansa ba. An zagaye shi da tsumma a hankali, an bar shi yadda yake. Na gani, ta ga na gani.

Shekara uku ana haka. Ƙannena mata duk sun yi aure sun watse, gidan ya koma hannun ƙanen mahaifina da iyalinsa, Inna tana ɓangarenta ita kaɗai. Ɗakin kuwa ya tsufa. Bangon gabas ruwa ya cinye gindinsa, ga tsaga daga sama har ƙasa wadda yatsa ke shiga, ga kogi da ke matsowa gari duk damina. A daminar da ta wuce katangar bayan ɗakin ta zube. Tun daga ranar ban ƙara ganin hadari na ji daɗi ba. Abin da nake so ɗaya ne: Inna ta baro Katagum ta dawo wurina a Azare kafin ɗakin nan ya faɗo mata.

Na sa magini ya tayar mata da ɗaki sabo a gidana, na shiga aika wasiƙu. Inna ba ta karatu, sai ta kai wa wani malami a unguwa, shi kuma Allah ya ba shi murya, in ya karanta har masu ɗaukar ruwa sai sun ji. Kafin wata biyu duk Katagum ta san tsawon ɗakin da faɗinsa da yawan azararsa. A ƙarshe amsa ta zo: za ta zo kwana bakwai ta ga ɗakin da aka ishe ta da labarinsa, da sharaɗin in daina tara mata jama'a.

Kwana bakwai. Na ce wa kaina, to, lalle ɗakin nan ya zama irin wanda in ta shiga ba za ta iya fita ba. Sai dai ban san yadda maganar za ta kusa tabbata ba.

A lokacin gyaɗa na tashe, kantuna sun cika da kayan da ba mu saba gani ba. Na daɗe ina sha'awar koren fentin da ke jikin ƙofofin ofisoshin En'e, mai sheƙi, wanda ko ka goga riga ba ya bin ka. Na ce farar ƙasa kowace tsohuwa ta iya, ni abin da Inna ba ta taɓa gani ba zan yi mata. Kuma ina ganin na san aikin, tunda ni nake shafa wa allon ajinmu baƙi duk farkon zango.

Na je kanti na tambayi akawu sau nawa ake shafawa.

“Haba Malam, wannan fentin Turai ne. Sau ɗaya, ka wanke hannu.”

Na ɗauki gwangwani ɗaya da buroshi. A hanya na biya ta wurin wani tsohon kafintan En'e, wanda shi yake shafa wa ƙofofin nan da nake sha'awa. Ya juya gwangwanin, ya dube ni.

“Katako ne ko ƙarfe?”

“Bangon ƙasa ne, sabo.”

Ya yi dariya har da tari. “Katako sau biyu, a bar na farko ya kwana biyu. Bangon ƙasa kuwa raƙumi ne, Malam, ko rijiya ka ba shi zai shanye ya dube ka. Mayar musu da abinsu ka sayi farar ƙasa.”

Na yi masa godiya, a raina na ce tsoho ne, kishi yake kada a koyi sana'arsa.

A gida matata ta dubi gwangwanin, ta dubi ɗakin. Mace ce mai magana ɗaya, ba ta maimaitawa.

“Malam, da ka bari na yi mata farar ƙasa sau biyu, in ta zo ta ga dama ta yi na ukunta.”

Na ce, “Ke wannan aikin ilimi ne. An rubuta yadda ake yi a jikin gwangwani.”

“To, Allah ya ba da sa'a.” Ta koma bakin murhu.

Ranar Litinin da aka tashi makaranta na tuɓe riga na fara. Inna za ta iso ranar Juma'a. Na tsoma buroshi na goga, kore shar, gwanin sha'awa. Na juya in ƙara tsomawa, kafin in waiwayo bango ya shanye, sai wani dusu-dusu da ya rage kamar an goga ganyen rama. Na ƙara, ya shanye. Kafin la'asar sakaliya na gama bango biyu da rabi, fenti ya koma gindin gwangwani, ɗaki ya yi dabbare-dabbare, nan kore, nan ja, nan ba a san launinsa ba. Na ruga kanti, akawu ya ce wanda na saya shi ne na ƙarshe, sai motar Kano ta zo, ita kuwa ba a sa mata rana.

A nan ne ilimin ya motsa. Na zauna na sake karanta jikin gwangwani da kyau, na ga an rubuta cewa fentin mai ne. Na ce ashe! Fentin mai, a garin da gyaɗa ta fi yashi yawa, shi ne zan zauna ina jiran motar Kano? Matata tana da tulun man gyaɗa da ta matse da hannunta. Na faki idonta ta shiga maƙwabta, na tuttula rabinsa a cikin gwangwani, na dama da kara.

Wallahi abin ya yi kyau. Buroshi na tafiya sumul, bango ya daina sha, ɗaki ya ɗauki sheƙi har ina ganin inuwata a jiki. Daɗi ya kama ni, na gama zagaye ɗaya na ɗora na biyu nan take. Da na ga akwai saura, na tuna ƙa'idar Inna, na ce bari in cika uku a wuce wurin. Abin da take yi a kwana huɗu na yi shi tsakanin azahar da magariba. Na juye ragowar tulun duka. Wajen fita ma na yi tuntuɓe da gwangwanin, sauran ya malale a gindin bango kusa da ƙofa, na share da ƙafa.

Maƙwabta suka shigo kallo, kowa na cewa kai, Malam, sai ka ce gidan Joji. Matata ta leƙa tulunta, ta leƙa ɗakin, ranar kuwa miyarmu ba ta ga mai ba.

Washegari na taɓa bango, ya kama yatsana. Na ce ai sai a hankali. Ranar Laraba na taɓa, ya ƙara kamawa. Kiyashi kuwa sun riga sun samu labari, sun yi layi daga bakin ƙofa har azara, na gaba na maƙalewa na baya na hawa kansu. Ƙudaje suka manne, gashin kaza ya manne, har wata 'yar tsaka na samu ta tsaya cak a tsakiyar bango tana jiran ikon Allah. Akuyarmu ta gano wurin, in an kore ta ta nan sai ta ɓullo ta can, tana lasar bango tana lumshe ido. Na sa mafici na yi ta fifita har kafaɗata ta gaji. Ranar Alhamis na kawo kaskon garwashi na ajiye a tsakiyar ɗaki don zafi ya busar da shi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: bango ya fara tsatsafo da mai yana gangarowa, unguwa ta ɗauki ƙamshin tuya, har wata maƙwabciya ta aiko a tambaya ko ƙosai ake sayarwa.

Na koma wurin tsohon kafinta na gaya masa gaskiya. Bai yi dariya ba wannan karon, tausayina ya ji.

“Man gyaɗa ba ya bushewa, Malam. Ko jikanka ya zo zai same shi ɗanye.”

Ranar Juma'a da la'asar motar Katagum ta sauke Inna, da ɗan ƙunshinta da butarta. Bayan gaisuwa da shan ruwa ta ce a nuna mata. Na yi gaba kamar mai zuwa gaban alƙali. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta juya a hankali, ta dubi gabas, ta dubi yamma, ta dubi kiyashi. Ta sa yatsa ta dangwala, ta kai hanci.

“Malam,” ta ce, “ƙuli za a fara ko ƙosai?”

Ta juya wurin matata, don Inna in magana mai nauyi ce ba ta yi da ni kai tsaye, sai ta bi ta wurin surukarta ko da ina tsaye.

“Ke kina ina aka yi wannan?”

“Inna, na faɗa. Aka ce aikin ilimi ne.”

“Sau nawa ya shafa?”

“Uku, Inna. Rana ɗaya.”

Inna ta riƙe haɓa. “Uku. Har da na mai ɗaki ya yi mini. Sannu da ƙoƙari.” Ta ja gefen zanenta da ya fara mannewa, ta fita.

Na zauna a zaure na ce shi ke nan, garin neman gira na rasa ido. Gobe za ta nemi mota.

Amma na manta halin Inna. Tana iya ganin mutum cikin wahala ta ce Allah ya kawo sauƙi, amma ba ta iya ganin bango cikin wahala ta wuce. Da sassafe na ji muryarta a tsakar gida: “Gidan nan babu sakaina ne?”

Kwana uku muna kankara, ita da matata da sakaina, ni da tsohuwar fartanya. Sai da muka cire kusan kaurin yatsa daga bangon, muka kwashe koriyar ƙasa kwando-kwando muka kai bayan gari don kada akuya ta hallaka. Sannan aka kwaɓa sabuwar ƙasa aka yi yaɓe. Ni aka ba ɗaukar ruwa, Inna ta ce shi ne aikin da ba a rubuta a jikin gwangwani ba, ba zan ɓata shi ba. Yaɓe kuma sai ya bushe, shi ma kwana huɗu. Kwana bakwai suka cika suka wuce, babu wanda ya tayar da maganar mota. Ni kuwa har addu'a nake kada bangon ya yi saurin bushewa.

Ranar kasuwa ta tafi neman farar ƙasa da kanta. Ta murza ta wannan ta ce yashi ne, ta ɗanɗana ta waccan ta ce toka ce. A ƙarshe ta samu wata Bafulatana daga wajen Bulkachuwa mai irin wadda take so. Suka yi ciniki da Fulatanci, suka zarce da hira, har ta rako ta gida aka dama fura. Da na ga Inna ta yi ƙawa a Azare, sai na ji kamar an ba ni rabin abin da nake nema.

Aka yi shafe na farko, bango ya sha. Aka kwana aka yi na biyu, ita da matata suna yi suna hira ƙasa-ƙasa, in na matso su yi shiru, in na wuce su fashe da dariya. Ɗaki ya yi fari tas, sanyi na fita daga jikinsa, ga ƙamshin ƙasa. Na tsaya a ƙofa na yarda a raina cewa koren nan ko ya bushe bai kama ƙafar wannan ba.

Washegari da safe muka shiga dubawa, sai ga wani tabo a gindin bango kusa da ƙofa, rawaya-rawaya, daidai inda gwangwanina ya malale. Man ya nutse can ciki, kankara ba ta kai gare shi ba, ya ratso yaɓe ya ratso shafe biyu ya fito.

Kunya ta kama ni. Na ce, “Bari in kawo fartanya.”

Inna ba ta kula ni ba. Ta tambayi matata, “Nan ba mun bi ta kansa sau biyu ba?”

“Mun bi, Inna.”

Ta tsoma tsumma a ragowar farar ƙasa ta dangwala a wurin da kauri, ya rufe ruf. Kafin la'asar ya fara leƙowa, kafin wata safiya ya dawo yadda yake. Inna ta tsuguna a gabansa ta daɗe tana kallo, har na fara tsarguwa.

“Ashe haka maiƙo yake,” ta ce. Na ɗauka da ni take, na sunkuyar da kai.

Ranar ce ranar shafe na uku. Na sayo shuni tun jiya na ajiye inda za ta gani. Da na dawo daga makaranta sai na tarar ta wanke ƙwaryar shafe tas ta kife ta a kan danga, ta shanya tsumma, ta ɗaure ƙunshinta. Shuni na nan inda na bar shi.

Na ce, “Inna, saura ɗaya.”

“Biyu ya ishi baƙo.”

Ban taɓa yi mata gardama ba, amma ranar na yi. Na ce ɗakin can tsage yake, na ce katanga ta zube bara, na ce in hadari ya taso ba na iya haɗiye abinci. Na ce, “Inna, tsoro nake ji. In ya faɗo miki, ina zan sa kaina?”

Ta dubi matata, kamar za ta bi ta wurinta yadda ta saba, sai kuma ta fasa. Ta dubi ƙasa.

“Na bar abu a can.”

“Na sani.”

Wannan ne karo na farko da muka taɓa maganar, kuma iyakarta ke nan. Can ta ƙara da cewa, “Matar ƙanen ubanka mace ce mai tsabta. Ranar da na fito da kayana, kafin in kai bakin kogi ta shafe ɗakin.”

Da safe na raka ta tasha. Na dawo ina jin haushinta, ina jin haushin kaina, ina jin haushin man shanu. Na ce wa matata ta yi na ukun kawai a huta, ɗaki ba zai zauna rabi da rabi ba.

“Ba ɗakina ba ne, Malam,” ta ce. Ta ɗauki shunin ta sa a cikin tasa ta rufe.

Bazara ta ja, zafi ya kai maƙura, sannan gabas ta fara haɗa baki. Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, aka ce hanyar Katagum ta fara cin motoci. Ina cikin aji in na ji iska ta juya sai in tsaya da alli a hannu ina kallon taga, har yara su fara tari don in tuna da su. Ban ƙara aika wasiƙa ba, tunda na yi alkawari.

Wata Laraba na dawo da azahar, sai na ga takarkari biyu da jaki a ƙofar gidana, wasu Fulani na sauke kaya. Ga gadon kara, ga tukwane a cikin raga, ga jeren ƙore an ɗaure da tsumma, ga turmi. Na shiga da sauri. Inna na zaune a kan tabarma a inuwa, ƙafafunta duk laka, tana ba da umarni a yi hankali da tasoshi.

Na durƙusa na gaishe ta. Na ce, “Kwana nawa za a yi mana wannan karon?”

“Ka taɓa ganin mai kwana bakwai da turmi?”

Sai da ta huta ta ci abinci, sannan ta kira matata ta zaunar da ita. Ni ina gefe ina gyara igiyar akuya wadda ba abin da ya same ta.

“Ke, gaya wa mijinki,” ta ce. “Da na koma na jiƙa ƙasa. Na yi na fari, na zagaye wurin yadda na saba. Da na zo na biyu sai ɓarnarsa ta faɗo mini a rai. Na ce wannan fa na gyaɗa ne, na kwana huɗu, ya ƙi rufuwa. Na tsaya da tsumma a hannu har ya fara bushewa. Sannan na rufe ido na bi ta kai.”

Ta gyara zama ta ci gaba.

“Na fita ban waiwaya ba. Na zauna a madafa ina zagin kaina, na ce kin kashe shi da hannunki, tsohuwar banza. Ranar ban ci komai ba. Da gari ya waye na shiga.” Ta buɗe tafin hannunta biyu ta haɗa su. “Ga shi nan. Na ƙara, ya fito. Na ƙara da kauri, ya fito. Sai da na yi bakwai, ƙasa ta ƙare. Na ce to, Alhamdu lillahi, taurin kan nan yana nan yadda na san shi. Ashe shekara uku ina gadin abin da ba ya bukatar gadi. Waccan kuwa, matar ƙanen ubansa, ba ta da haƙurin kankara, shafe kawai ta iya. Ta yi ta yi.”

Ta share ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin murhunmu ya cika yaji, a canza itace.

A daren aka jiƙa farar ƙasa. Da hantsi matata ta buɗe tasa ta miƙa mata shunin, ta koma bakin murhu, don ta san wannan ba a kamawa. Inna ta ɗiga, ta dama, ta naɗe tsumma a hannu, ta yi bismilla ta fara daga dama. Ranar ban je makaranta da wuri ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon hannunta yana hawa yana sauka. Da ta iso kan tabona na ce ko in kankare shi tukuna.

“Bar shi,” ta ce, ta bi ta kansa. “Zai fito. Matsa, ka tare mini haske.”

Na matsa. Na zagaya bayan ɗakin inda ba mai gani na, na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina, akuya na tsaye tana kallo na.

Shekara goma sha ɗaya Inna ta yi a ɗakin nan. Duk bazara sai an fitar da kaya tsakar gida, matata ta taya ta na fari da na biyu, ta yi na uku ita kaɗai, tabon man gyaɗa ya kwana ɗaya ya fito, ta nuna wa duk wanda ya shigo ta ce aikin ilimi ne. Ɗakin na nan har yanzu, tabon ma na nan. Ba ma barin bazara ta wuce ba mu shafe shi ba. Sai dai tun da ta rasu, sau biyu muke yi.